Firijin haɗa shawarma yana gumi, ruwa na ɗiga a kan abinci: ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Agege, muna yin shawarma da shinkafa da haɗin salak. Na sayi firijin nan mai siffar tebur, tokunbo, mai ƙofa biyu a ƙasa da jerin kwanoni a sama inda muke zuba kabeji da tumatir da bama. Tun da damina ta kankama ruwa ya ƙi ƙarewa: yana kwanciya a cikinsa, bakin ƙofa yana gumi, murfin sama yana ɗiga a kan kayan haɗi, da safe kuma mu tarar da ƙasa a jiƙe. Mai gyara ya ƙara masa gas sau biyu, abin sai ma gaba yake yi. Don Allah me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Da farko ki dakatar da maganar ƙarin gas, an bar jaki ana dukan taiki. Ruwan nan ba daga gas yake fitowa ba, kuma ba injin ne ke haifar da shi ba. Daga iskar kicin ɗinki yake.

Iska tana ɗauke da laima, kuma iya zafinta iya laimar da take riƙewa. Da zarar ta taɓa abin da ya fi ta sanyi sosai, sai ta sauke wani kaso na ruwan a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ke jiƙewa da an ciro ta daga cikin ƙanƙara. Akwai matakin sanyin da raɓar ke fara sauka, kuma ya danganta da zafin ranar da laimarta. Ranar da zafi ya kai digiri 30 laima kuma ta kai kashi 80 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne a Legas da damina, matakin yana wajen digiri 26. Wato duk ƙarfen da sanyinsa ya sauka ƙasa da 26 zai yi gumi, ko sabo ne dal. A Kano da hunturu, in zafi 28 ne laima kashi 15, matakin yana kusa da sifili. Shi ya sa firijin da zai wuni a bushe a can, a nan sai ya riƙa tsiyaya.

Ga ɗan lissafi don ki ga yawan ruwan. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, a zafi 30 da laima 80, tana ɗauke da ruwa kimanin giram 24. In aka sanyaya ta zuwa digiri 4, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 6 da ɗoriya ba. Sauran giram 18 dole su sauka a wani wuri. A ce cikin firijinki lita 300 ne, kuma duk buɗewa iskar ciki ta zube ta waje ta maye gurbinta, kusan giram 5 ke nan. Yaran shago su buɗe sau 200 a wuni, an samu lita guda, ban da wadda ke shiga ta saman kwanoni. Saboda haka samun ruwa ba shi ne abin mamaki ba. Kamfani ma ya san za a samu, ya yi masa hanya: ya daskare a kan kwail ɗin sanyi, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya cikin firijin, ya narke, ya sauka a tasa, ya bi tiyo ya fita. In kin ga ruwa a inda bai kamata ba, ko dai laimar da ke shiga ta fi ƙarfin hanyar, ko hanyar ta lalace.

Ki sa a juya firijin a duba ɗan allon bayanin da kamfani ya manna a baya ko a cikin ƙofa. A kan na Turai za ki ga lambar ajin yanayi. Aji na 3 an gwada shi ne a zafi 25 da laima kashi 60. Aji na 4, zafi 30 da laima 55. Aji na 5, wanda 'yan kasuwa ke cewa na ƙasashen zafi ne, zafi 40 da laima 40. A nan mutane ke ruɗewa, su ji an ce 40 su ɗauka ya gama da Legas. Alhali matakin raɓar aji na 3 wajen digiri 17 ne, na aji na 4 kuwa 20, na aji na 5 ma bai wuce 24 ba. Duka ukun suna ƙasa da 26 ɗin da muke kwana muke tashi a ciki. Yawancin tokunbon da ke shigowa daga kicin mai na'urar sanyaya ɗaki aka ciro su. Ba sharri nake musu ba, da yawa ƙarfensu ya fi na sababbin masu araha, sai dai ba don iskar bakin teku aka ƙera su ba, dole a taimaka musu. In kuma allon ya nuna 115V da 60Hz, na Amurka ne. Tiransifoma za ta sauko da ƙarfin wutar, amma ba za ta mayar da 50Hz ɗinmu, wato saurin bugun wutar, ya zama 60 ba, don haka kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, da fanka za su riƙa juyawa da ragin kusan kashi ɗaya cikin shida.

Yanzu sai mu bi ruwan. Kin ambaci wurare huɗu, kuma ba lallai ne dalilinsu ya zama ɗaya ba.

Ruwan da ke kwanciya a cikin firiji shi ne mafi sauƙin sha'ani, kuma mafi yawa toshewar magudana ce. A ƙarƙashin kwail ɗin sanyi akwai 'yar tasa mai huda, tiyo na fita daga hudar. Guntun kabeji, 'ya'yan tumatir, ɓawon albasa da fanka ta zuƙa, duk can suke taruwa, sannan wani yauƙi mai santsi ya tsiro a kansu ya like bakin tiyon. Ki cire filogi tukuna, a kwance murfin kwail, a zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya a tasar a tsaya a gani. In ya wuce da sauri har kika ji saukarsa a ƙasa, hanya a buɗe take. In ya tsaya, a cire tiyon a tura ruwan ɗumi da babban sirinji ko gorar roba mai matsewa, a bi da siririyar wayar roba. Kada a sa ƙusa ko wayar ƙarfe, tasar roba ce a yawancinsu, in ta tsage an ƙara wani aikin. In hanya a buɗe take amma ruwa na tsallake tasar ta gefe ɗaya, to firijin a karkace yake zaune. Daɓen kicin da gangan ake karkata shi zuwa wajen kwata, firiji mai taya kuma sai ya bi daɓen. A ɗora ma'aunin magina a kan teburin, a daidaita ƙafafun. Wannan ɗin ma yana gyara ƙofar da ba ta komawa da kanta.

Akwai wani ƙaramin abu a tiyon da masu gyara da yawa ke watsarwa. Kamfani yakan lanƙwasa shi ya yi ɗan gwiwa inda ruwa ke zama, ko ya sa wata roba mai matsattsen baki a ƙarshensa. Aikinsa shi ne hana iskar waje hawowa ta cikin tiyon, domin fankar ciki tana zuƙa. In aka miƙar da tiyon wai don ruwa ya fi gudu, an buɗe wa iska mai laima ƙofa dare da rana, kuma kai tsaye a kan kwail take sauka. Alamarsa dunƙulen ƙanƙara a daidai bakin hudar tasa.

Tunda an riga an kwance murfin, ki tsaya ki kalli kwail ɗin da idonki kafin ƙanƙarar ta narke, domin yadda ta kwanta yana ba da labari. Idan farin ƙanƙara ne ya lulluɓe shi gaba ɗaya daidai wa daida, har iska ba ta ratsa tsakanin siraran farantan, gas bai ƙare ba. Ko tsarin narkar da ƙanƙarar ne ba ya aiki, ko laima ta yi yawa, ko fanka ta raunana. Idan kuwa ƙanƙara ta dunƙule a kusurwa ɗaya inda siririn bututu ke shiga, sauran kwail ɗin a bushe ba sanyi, nan ne ake zargin ƙarancin gas ko toshewar siririn bututun. Idan kuma farin ya biyo babban bututun da ke komawa wajen kwamfireso har ya kusa taɓa jikinsa, to gas ya yi yawa, ko iska ba ta ratsa kwail. Wannan na ukun nake ji miki tsoro. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. In ya ragu akwai inda yake yoyo, kuma sai an nemo wurin an like. In bai ragu ba aka ɗura masa sau biyu da ka, bututun komawa zai yi ta ƙanƙara yana narkewa yana ɗiga a ƙasa, kwamfireso kuma yana shan ruwan gas maimakon tururinsa, wanda ke rage masa kwana. Kin ce abin gaba ya yi bayan ƙarin, ya yi daidai da haka.

Maganar narkarwa tana buƙatar a ɗan zauna a kanta, don a nan halin wutarmu ke shigowa. Da yawa daga cikin waɗannan firijin ba su da hitar narkar da ƙanƙara. Dabararsu ita ce kwamfireso ya huta, fanka ta ci gaba da hura iskar ciki mai digiri 3 ko 4 a kan kwail har farin ya narke. Duk abin da ya hana kwamfireso hutawa ya kashe narkarwa ke nan. Abu biyu ne suka fi hana shi. Na farko, mai shago ya murɗa sanyi zuwa ƙarshe, ko ya saita sifili ko ƙasa da haka, wai firiji ya tara sanyi kafin a ɗauke wuta. Niyyar mai kyau ce, amma injin ba zai taɓa kai wa lambar ba, sai ya yi ta gudu, ƙanƙara ta toshe kwail, ciki ya ƙara ɗumi, a sake murɗawa. Ki saita shi tsakanin 2 da 4 ki bar shi. Na biyu shi ne kwandensa, wato kwail ɗin zafi da ke kusa da kwamfireso a bayan ragar gaba ko ta gefe. A wurin shawarma tururin mai da garin fulawa da ƙura suna haɗuwa su yi masa bargo. In kika haska tocila ta gefe ɗaya ba ki ga haske ta ɗayan ba, ya toshe. A share da burushi mai laushi ana bin tsayin farantan daga sama zuwa ƙasa, ba a gicciye ba don kada su lanƙwashe. In maiƙo ya kama, sai da ruwan wanke kwail. A kicin mai suya, wata bai kamata ya wuce ba a duba shi ba.

In firijin mai kwantirola ne mai nuna lambobi, irin su Dixell ko Carel ko Eliwell, a ciki ake saita tazarar da ke tsakanin narkarwa da tsawon kowace ɗaya. A Dixell XR60 misali, IdF ita ce tazarar, MdF kuma tsawon lokacin. Abin da aka saita a Turai, kamar sau uku ko huɗu a yini, sau da yawa ba ya isa a nan cikin Yuni da Yuli. Mai gyara zai iya matso da tazarar zuwa awa huɗu ya ga yadda kwail zai kasance. Akwai kuma ɗan jinkirin da ake ba ruwa ya gama ɗiga kafin fanka ta tashi. In aka mayar da shi sifili a injin da fankarsa ke tsayawa lokacin narkarwa, tana tashi za ta watsa ɗigon a rufin ciki da kan abinci. Wani abin lura, wasu kwantirola suna fara ƙirga daga farko duk lokacin da wuta ta dawo. A unguwar da ake ɗaukewa ana kawowa, ana juyawa zuwa janareta, ƙirgar tana iya yini ba ta cika ba. Ita kuwa ƙanƙarar da ta riga ta daskare, magani ɗaya ne: a kwashe kaya, a kashe, a bar ƙofa buɗe ta narke da kanta, ko a taimaka da ruwan ɗumi. Wuƙa da sukudireba sun kashe firiji da yawa a garin nan. Bututun ciki siriri ne, suka ɗaya ya isa.

Gumin bakin ƙofa kuma, ki fara da robar ƙofa. Ki saka takardar kuɗi a tsakani ki rufe, ki ja. In ta fito salin-alin ba turjiya, robar ba ta kama a nan. Ki bi ta kewaye gaba ɗaya, musamman kusurwoyin ƙasa da ɓangaren hinji, inda ba a cika dubawa ba. Da dare ki kunna tocila ki ajiye a ciki ki rufe ki kashe fitilar kicin, duk inda haske ya leƙo iska na shiga ta nan. Wani lokacin robar lafiyarta ƙalau, bama da miya ne suka bushe a cikin ninkinta suka hana ta buɗewa, ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. In ta taurare ko ta tsage, canji kawai. A cire tsohuwar a tafi da ita wajen masu kayan firiji a Lawanson ko Alaba, saboda bakin da ke shiga ramin ƙofa iri-iri ne, awon tsawo da faɗi kaɗai ba ya isa. Sabuwa in ta zo a murɗe, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta saki kafin a saka.

Idan roba na kamawa amma firam ɗin yana gumi, ki ɗora bayan hannunki a kansa. A cikin firam ɗin yawancinsu akwai siririyar wayar hita, wasu kuma bututun gas mai zafi aka bi da shi ta wurin, don ƙarfen ya tsaya sama da matakin raɓa. In yana aiki za ki ji ɗan ɗumi ko aƙalla ba sanyi. In kin ji sanyi ƙarara, ko wayar ta tsinke, ko an cire ta, ko akwai makunninta a kashe. Wasu masu gyara suna yanke ta da gangan don rage wa janareta nauyi, alhali abin da take ci kaɗan ne. Ƙarancin ƙarfin wuta ma yana raunana ta fiye da yadda ake zato: hitar da aka yi don 230, in wuta ta zo 180, zafin da za ta bayar kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai. Shi ya sa wani firijin yake bushe a kan janareta, da an dawo layin gari ya fara gumi. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace tana maganin wannan, tana kuma kare kwamfireso.

Akwai gumin da ba na son gani, shi ne wanda ke fitowa a wuri ɗaya a jikin bango ko ƙarƙashin firiji, kullum a nan, kamar an zana taswira. A tsakanin ƙarfen waje da na ciki akwai busasshen soso da ke tare sanyi. In ruwa ya shige shi, ta hudar sukurun da aka ɗaura wani abu, ko ta haɗin ƙarfe da ya buɗe, ko don ana wanke firijin da tiyo, to ya daina tarewa, kuma ba ya bushewa da daɗi. Abin da za a iya shi ne a toshe hudojin da silikon, a manna fallen Armaflex, baƙar robar nan mai tare sanyi, ta waje a wurin. Rage matsalar ne, ba warkewa ba. In ya mamaye ƙasan firijin gaba ɗaya, kuɗin da za a zuba gara a tara a sayi wani.

Sai saman teburin, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarki domin a kan abinci yake sauka. Ramin da kwanoni ke zama a buɗe yake da cikin firijin a yawancin irin wannan, kwanonin su ne murfinsa. In aka cire kwano ɗaya aka kai wanki aka bar gurbinsa, ko sandunan da ke raba tsakanin kwanoni sun ɓace, ko aka sa kwanon da bakinsa ya lotse, daidai yake da barin ƙofa a buɗe. Tokunbo da wuya ya zo da sandunansa cikakku. Mai walda da ke aikin silba zai yanka miki su. Ko babu abin zubawa, a bar kwano a gurbinsa da murfi. Kada a tula kabeji ya yi tozo sama da bakin kwano, sanyin ba ya kaiwa can. Kayan lambu in an wanke a bar su su tsane sosai a kwando, a sanyaya su a ƙasa kafin a hau da su sama, domin ramin saman an yi shi ne ya riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi. Kaza ko naman da aka sauke yanzu kada ya shiga yana tururi, kada kuma ya wuce awa biyu a waje: a baza shi a faranti mai faɗi ya huce da wuri, a rufe, a saka. Babban murfin a riƙa sauke shi da zarar layi ya ragu, a kuma goge cikinsa da tsumma mai tsabta kafin a ɗaga shi tsaye, don ɗigon da ya taru kada ya gangaro cikin kwano. In an tashi, a kwashe kwanonin a rufe su a mayar ƙasa, a sa wasu a gurbin.

Duk abin da ruwan murfi ko na rufin ciki ya ɗiga a kansa, in ba dafawa za a sake yi ba, a zubar. Na san da ciwo ga tsadar kaya a kasuwar Mile 12, amma ruwan nan ba mai tsabta ba ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna Listeria da ke iya hayayyafa ko a cikin sanyin firiji, kuma tasar ruwa da magudana na daga cikin wuraren da take zama. Ta fi yi wa masu juna biyu da tsofaffi illa. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke ki riƙa soka shi a tsakiyar kwano. Abin da ake nema digiri 5 ko ƙasa. Lambar da ke jikin firiji zafin iskar da ke kusa da sensa, wato 'yar wayar da ke auna sanyin ciki, take nunawa, ba na bama ba. Tumatir da aka yanka da duk abin da aka sa wa ruwan tsami a rufe su, saboda tsaminsu yana cin bututun kwail a hankali har ya huda, wanda shi ne asalin yoyon gas a irin wannan firiji sau da yawa.

Ki kuma dubi inda aka ajiye shi. Don sauƙin aiki akan manna teburin da injin gasa shawarma, ko kusa da tukunyar shinkafa. Ban da tururin tukunya, gas ɗin girki kansa ruwa yake fitarwa in yana ci: kowane kilo ɗaya yana sakin kimanin kilo ɗaya da rabi na tururi. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ke nan ta zuba wa kicin kusan lita 20 kafin ta ƙare. In babu fankar zuƙe hayaƙi a saman murhu, firijin ne ke shanye rabonsa. Ki matsar da shi ko da taku biyu ne, ko a sa allon ƙarfe a tsakani, a bar masa sarari ta inda yake shaƙar iska. Fankar tsaye da yara ke juyawa don su sha iska kada ta hura kan kwanoni, tana kwashe sanyin tana kawo laima. Amma in ta ƙasa take bugun jikin firijin da ƙofofinsa, tana ma rage gumi. Wanke daɓe da ruwa mai yawa da dare a kulle kicin a tafi, shi ma yana sa a wayi gari komai a jiƙe. A tsane da mofa kafin a rufe. Wanda ke da hali ya raba wurin haɗi da wurin wuta ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya gama da rabin matsalar, don ɗaki mai zafi 25 da laima 60 ya koma daidai yanayin da aka gwada injin aji na 3 a ciki.

Ruwan da kuke tararwa a ƙasa da safe, ina kyautata zaton tasar ƙarshe ce ke ambaliya. Tiyon yana zubawa ne a wata tasa kusa da kwamfireso, inda bututun gas mai zafi ko ƙaramar hita ke ƙafar da ruwan ya bi iska. A ƙasar da iska ke bushe wannan ya isa. A nan ruwan da ke zuwa ya fi yawa, iskar da za ta ɗauke shi kuma ta riga ta ƙoshi. In aka ɗauke wuta da dare abin ya haɗu biyu: ƙanƙarar kwail ta narke gaba ɗaya lokaci guda, abin da zai ƙafar da ita kuma a kashe. Ni a Legas ba na wahalar da kaina da wannan tasa. A ƙara tsawon tiyo a kai shi kwata, a bar gwiwar nan da ke riƙe ruwa, bakin tiyon kuma ya tsaya sama da kwatar da ɗan tazara, kada a cusa shi ciki, don wari da kyankyaso da ruwan kwata kada su biyo. In kwata ta yi nisa, galan mai lita biyar da za a riƙa juyewa safe da yamma ya wadatar. A duba babban bututun komawa kuma, in baƙar robar da ke naɗe da shi ta yage ko ɓera ya ci, a sake naɗewa a like haɗin da gam.

Magudana, kwandensa, robar ƙofa, saitin sanyi da gurbin kwanoni duk ke da yaranki za ku iya a dare ɗaya. Ki ba shi kwana biyu ki gani. Abin da ya rage na mai gyara ne, kuma ki gaya masa abin da kike so: ya auna hitar firam da mitar auna wuta, ya duba ko fankar ciki na juyawa da ƙarfinta, ya duba saitin narkarwa da inda sensa take. In har sai an taɓa gas, ya nemo yoyo tukuna, ya kwashe na ciki, ya zuƙe iska da injin bakyum, sannan ya zuba sabo a kan sikeli daidai giram ɗin da ke rubuce a allon bayani. Irin gas ɗin ma yana rubuce a nan, kada a haɗa wani da wani. In kin ga R290 ko R600a, masu kama wuta ne, ba a walda a kansu sai an kwashe an wanke layin da nitirojin, kuma a kashe injin shawarma da duk wani murhu kafin a fara. Bayan an yi duk wannan, a ranakun da aka wuni ana ruwa cikin Yuni da Yuli za ki iya ganin ɗan dusashewa a saman teburin da gefen murfi. In bai kai ga gangarowa ba, kuma ma'auni na nuna 5 ko ƙasa a cikin kwano, tsumma kawai yake buƙata.